Baƙin da yaro ke gani shi kaɗai: daga hanyar Fachi zuwa kofin zaƙami

Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaron da ya sha zaƙami ya san cewa abin da ya fi ɗaga hankali shi ne hirar da yaron ke yi. Zai juya gefe ya gaida wanda babu shi, ya matsa masa wuri a tabarma, ya miƙa hannu ya karɓi abu daga iska, har ya yi fushi don an ƙi kula baƙonsa. A irin wannan dare kalmar da ke fara fitowa daga bakin uwa ita ce gamo. Sai a aika a kira mai ruƙiyya, a kunna turare, a rirriƙe yaro. Ba kasafai ake samun wanda zai tambayi abokansa abin da suka sha da yamma ba.

Wannan gane-gane yana da dogon tarihi, kuma zan faro shi daga Fachi, domin a hanyarta ne aka fi gane cewa mutum kan ga baƙin da babu su ko bai sha komai ba.

Fachi dausayi ne a tsakiyar hamadar Tenere, cikin jihar Agadas, garin Barebari masu gishiri da dabino. Mutanen garin Agram suke kiransa. Ɗaruruwan shekaru ke nan ayarin Abzinawa na tasowa daga duwatsun Azbin bayan damina, ya yada zango a Fachi, ya wuce Bilma, ya juyo da kantu da dabino waɗanda ƙarshensu kasuwannin ƙasar Hausa. Jagoran ayarin ma da sunan Hausa ake kiransa, madugu. Tsakanin rijiya da rijiya babu ciyawa babu inuwa, saboda haka ba a tsayawa. Tafiya ce tun asuba har cikin dare, a kan tafiya ake ci, a kan raƙumi ake gyangyaɗi. Buzaye suna da suna ga mazauna irin wannan fili, Kel Esuf, wato mutanen kaɗaici, masu kiran matafiyi su ɓatar da shi. Sunan kansa ya faɗi rabin labarin.

Ibn Baɗuɗa ya ketare Sahara ta yamma a 1352, daga Sijilmasa zuwa Walata. Ya ba da labarin wani ɗan aike da ake kira takshif, wanda ayari ke turawa gaba shi kaɗai don ya sa a taro su da ruwa. Ya ce hamadar cike take da shaiɗanu, idan suka sami ɗan aiken shi ɗaya sai su yi ta wasa da hankalinsa har ya saki hanya ya halaka, ayarin ma ya halaka. Abin lura, tun kafin Ibn Baɗuɗa da shekara ɗari huɗu zuwa ɗari biyar malaman Musulunci sun riga sun tattauna wannan batu. Al-Jahiz na Basra a Kitab al-Hayawan, da al-Mas'udi a Muruj al-Dhahab, sun kawo bayanin cewa da yawa daga muryoyi da dodannin da Larabawan ƙauye ke cewa sun haɗu da su a sahara, kaɗaici ne da tsoro da yawan zulumi ke haifar da su. Waɗannan mutane sun karanta Suratul Jinn kamar yadda muka karanta. Abin da suka ƙi shi ne a ɗora wa aljani kowane motsi da ido ya gani.

A 1855 wani Bafaranshe matafiyi, d'Escayrac de Lauture, ya rubuta maƙala guda a kan wannan hali, ya ce masu raƙuma suna kiransa ragle. Ya danganta shi da gajiya da rashin barci: dutse ya zama gini, inuwa ta zama jerin raƙuma ko mutane.

Wannan na gajiya ke nan. Na tsiro ya fi shi muni, kuma Sahara ta ga misalinsa da ya shiga littattafan tarihi. A ƙarshen 1880 Kanar Flatters ya tashi daga Wargala ta Aljeriya da mutum casa'in da 'yan kai, don auna inda Faransa za ta shimfiɗa layin dogo zuwa ƙasashen kudu da Sahara. Ranar 16 ga Fabrairu 1881 Buzayen Ahaggar suka kashe shi da wasu mutanensa a bakin wata rijiya. Sauran suka juya arewa a ƙafa, ga yunwa ga ƙishirwa. Cikin watan Maris sai waɗanda ke bin sawunsu suka kawo musu dabino. An cuɗa dabinon da wani tsiron hamada da Turawa suka rubuta sunansa falezlez. Ba a jima ba sansanin ya rikice. Wasu na ihu, wasu na yaga tufafi, wasu na harbi ba tare da sanin wa suke harbi ba, wasu suka nausa cikin rairayi. Ƙalilan ne suka koma gida.

Tsiron nan ɗan uwan zaƙaminmu ne, dangi ɗaya, sinadarai iri ɗaya: atirofin da sukofolamin da 'yan uwansu. Zaƙami kuwa ba sai an je hamada ba. Yana nan a juji, a bayan katangar makaranta, da farin furensa mai kamar kakaki da 'ya'yansa masu ƙaya. Lokacin da likita J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya tarar da tsiron yana da wani suna bayan zaƙami, wato haukata-yaro. Kakanninmu ne suka raɗa masa. Ke nan tun da daɗewa sun san tsiro ne ke haukata yaron. Mu ne jikokinsu muka fara mantawa, alhali har yau ana jin labarin samari sun zuba shi a kunu ko zoɓo a wurin biki don wasa ko mugunta.

Yadda yake aiki shi ne yana toshe wani saƙo da jijiyoyi ke aika wa juna, saƙon da ƙwaƙwalwa ke bukata don tunawa da kuma rarrabe mafarki da farke. Shi ya sa baƙin mai zaƙami ba dodanni masu ƙaho ba ne galibi. Mutane ne na yau da kullum: aboki, maƙwabci, kakar da ta rasu, ko ƙwari da ƙananan dabbobi suna bin bango. Ba ya shakkar su ko kaɗan. Idan kuma ya warware, yawanci bai tuna komai sai gutsattsari. An ga haka a Amurka tun 1676, lokacin da wasu sojojin Ingila a Jamestown suka dafa ganyen wani nau'in zaƙami suka ci. Robert Beverley, wanda ya rubuta labarin a 1705, ya ce sun yi kwana goma sha ɗaya suna shirme, da suka dawo hayyacinsu ba su tuna abin da ya faru ba.

Akwai wani rukunin ƙwayoyi dabam da ake ta yayatawa a intanet, kuma 'ya'yanmu na kallo. Mafi shahara a wannan fanni shi ne DMT, sinadarin da ke cikin wani jiƙo na mutanen dajin Amazon. Tsakanin 1990 da 1995 likita Rick Strassman ya yi wa masu sa kai kusan 60 allurarsa a Jami'ar New Mexico, da yawansu suka dawo suna cewa sun haɗu da wasu halittu masu hankali da suka yi musu magana. A 2020 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka wallafa amsoshin mutum 2,561 da suka ce sun yi irin wannan gamuwa. Mafi yawa sun ce abin ya fi musu zahiri zama gaskiya. Fiye da rabin waɗanda a da ba su yarda da samuwar Allah ba sun daina kiran kansu haka. Bambancinsa da zaƙami shi ne mai DMT yawanci yana tuna abin da ya gani, shi ya sa yake fitowa yana wa'azi.

Amma a duba abin da suke cewa sun gani. Ba'amurke yana ganin halittun wata duniya da injina masu magana. María Sabina, bokanyar ƙasar Meziko da ta shahara bayan 1955, naman kazan da take ci ta kira su yara tsarkaka. Buzu a hanyar Fachi yana jin Kel Esuf, ɗan Kano kuma yana ganin mutanen ɓoye. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a duk maganar: kowa da kayan da ya tafi da su ake yi masa baƙin. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam gwana ce wajen hango fuska da niyya, ko a gajimare ko a inuwar bishiya. Idan guba ko rashin barci ya kwance mata linzami, sai ta cika ɗaki da jama'a, kuma jin cewa abu gaskiya ne shi ma a cikinta ake ƙera shi.

Ga malami ko uba, jikin yaro kan faɗi abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba. Baƙin tsakiyar ido ya buɗe ƙwarai, haske na damunsa, baki ya bushe ƙayau, jiki zafi rau amma babu gumi, zuciya na bugu da sauri, fitsari ya ƙi fita, hannu na tsintar abin da babu. Idan yara uku ko huɗu da suka ci abu tare suka kamu a lokaci guda, zance ya ƙare. Addu'a ba ta hana ɗaukar yaro zuwa asibiti, a mota ma ana yin ta. Zafin jiki da farfaɗiya da tsayawar numfashi su ke kisa, kuma ɗaure yaro a rufaffen ɗaki mai hayaƙin turare ƙara masa zafi yake yi. A tafi da ragowar abin da ya sha.

Maganin da likitoci ke karya wannan guba da shi idan ta yi tsanani, fisostigmin, asalinsa daga Najeriya ne. Daga wani wake aka fara ciro shi, waken Kalaba, wanda Efik ke kira esere, suna ba wanda ake zargi da maita ya ci don a gane gaskiyarsa. A 1864 wani likita a birnin Farag mai suna Kleinwächter ya ba da ruwan waken ga fursunan da ya sha atirofin yana zaton giya ce, fursunan ya farfaɗo.