Daga Dawanau zuwa Kwangwalam: a ina mutumin Baure zai hau?

Jama'a, tunda ana ta maganar tagwayen hanyar Kano zuwa Kazaure, Daura da Kwangwalam, bari in ɗan ja mu baya.

Kafin zuwan Turawa, ayarin da ya taso daga Kano zuwa Damagaram ta ƙasar Daura yake ratsawa, Katsina kuwa ta daɗe tana cin kasuwar Sahara. A 1911 layin dogo ya iso Kano, bai leƙo wajenmu ba. Shi ke nan fa. Duk mai buhun gyaɗa a Baure ko Zango, Kano ta zama alƙiblarsa. Wanda ya ja layin nan a takarda ba lallai ma ya san da Baure ba, amma shi ya zaɓa mana kasuwa.

Yanzu an sake jan layi. A 2021 aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, ta Daura. A 2022 gwamnatin tarayya ta ba BUA aikin hanyar Kwangwalam, kilomita 130 da ɗoriya, a tsarin nan da kamfani ke yin titi a cire masa daga haraji. Madalla. Sai dai duka biyun Daura suka nufa, mu na gabas sai mun kai kanmu.

Ku dubi Kano. An yi hanyar kewaye ta gabas don babbar motar da ta fito daga hanyar Zariya ta faɗa ta Maiduguri ko ta Haɗeja ba tare da ta shiga gari ba. Ina labari yau? An yanka fulotai dama da hagu, gidajen mai, gareji, shaguna, har gari ya haɗiye ta. Ƙarshe sai da gwamnatin Ganduje ta gina gadar sama da ta ƙasa a shataletalen Hotoro. Titin da aka yi don gudun cunkoso shi ya koma cunkoson.

Ni ma'aikaci ne, na san yadda fayil ke tafiya. Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin inda titi zai bi, ranar gonakin wurin ke canza hannu, diyya ta ninka, sai ka ji an ce babu kuɗi.

Don haka abin da nake so wakilanmu su nema tun yanzu shi ne mahaɗar da za ta ɗauko mota daga hanyar Zango da Baure ta sada ta da sabuwar hanyar da tashar jirgin, ba sai ta kutsa tsakiyar Daura ba. Ko ba a zuba kwalta bana ba, a auna, a kafa duwatsun shaida, a biya masu gona haƙƙinsu a hannunsu, a hana gini a bakin layin. Motar riɗi daga Babban Mutum ba ta da abin yi a ƙofar fada.