Malam Maman Barka: Daga Alli Zuwa Gurumi, Daga Gurumi Zuwa Biram

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Madawa, Buza ko Keita cikin shekarun 1990 ba zai rasa tuna wata murya da ke tashi daga rumfunan masu sayar da kaset a bakin tashar mota ba, murya mai tafe da amon gurumi. Mu da muke ƴan lakwal a lokacin mun ɗauka mai muryar Bahaushe ne ɗan Adar ko ɗan Damagaram, domin Hausarsa ba ta da gargada. Sai da muka girma muka gane cewa Malam Maman Barka ba da Hausa ya buɗe baki ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihinsa, musamman mu malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, don akwai darasin da ya shafe mu kai tsaye a cikinsa.

An haifi Maman Barka a ƙarshen shekarun 1950 a Tasker, cikin jahar Damagaram, a gidan Tubawa makiyaya. Ya yi karatun boko har ya zama malamin makaranta, wato ya riƙe alli yana koyar da yara cikin Faransanci kamar yadda tsarin ilimi na wancan zamani ya tanada. Daga nan ne laƙabin Malam ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Abin lura a nan shi ne, bai gaji kiɗa ba. A ƙasashenmu na Sahel kuwa, kiɗa sana'a ce ta gado, kuma ɗan gidan da ba na makaɗa ba idan ya ɗauki abin kiɗa, sai ya shirya wa tsegumin dangi. Balle a ce ma'aikacin gwamnati ne mai albashi da mutunci a idon jama'a.

Domin mu fahimci matsayinsa, ya kamata mu tuna yadda waƙar baka take a ƙasar Hausa. Akwai makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda ke ƙarƙashin inuwar sarakuna, suna wasa su, sarakunan kuma suna ɗaukar nauyinsu. Akwai makaɗan sana'a, na manoma da mahauta da maƙera da ƴan kokawa. Sannan akwai makaɗan jama'a, irin su Mamman Shata da ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, wanda shi kaɗai yake zama da kuntiginsa ba tare da ƴan amshi masu yawa ba. Maman Barka ya fi kusa da wannan rukuni na ƙarshe. Ba shi da ubangidan da zai yi wa kirari don ya ci abinci. Shi ke tsara waƙarsa, shi ke kaɗa guruminsa, shi ke rerawa. Rediyo da kaset su suka zame masa fada, jama'ar kasuwa da fasinjojin mota suka zame masa sarakuna.

A nan ne maganar harshe ta shigo. Mawaƙin da ba shi da ubangida dole ya nemi masu saurare, kuma a Nijar babu harshen da ya kai Hausa yawan masu ji. Da Hausa waƙoƙinsa suka ratsa Maraɗi da Tawa da Yamai, suka tsallaka iyaka zuwa arewacin Najeriya. Amma bai yar da harshen da ya tsotsa a nono ba: ya yi waƙa da Tubanci, ya yi da Barbarci. Mai saurare a Keita, wanda bai taɓa taka Tasker ba, ta bakinsa ya fara jin yadda harshen Tubawa yake. Zamanin ma ya taimaka masa. A mulkin Seyni Kountché an farfaɗo da Samariya, an riƙa shirya bukukuwan matasa na ƙasa, kuma tun shekarun 1980 ake gudanar da gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu a nan Tawa. Daga baya shi kansa Maman Barka ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa da bunƙasa shi ta Alhaji Taya da ke Yamai.

Da a nan ya tsaya, da ya isa a tuna da shi. Sai dai a shekarar 2002, lokacin da sunansa ya riga ya kafu, ya samu tallafin hukumar UNESCO, ya nufi gabar Tabkin Cadi wajen Buduma, masunta da makiyayan tsibirai masu kiran kansu Yedina. Abin da ya kai shi shi ne biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da aka sassaƙa da siffar jirgin ruwa. Buduma suna girmama shi ƙwarai, suna danganta shi da iskan tabkin da suke kira Kargila. A lokacin saura dattijo guda da ya ƙware a kansa, wato Bukar Tar. Shahararren mawaƙi kuma malamin makaranta ya koma ɗalibi, ya durƙusa gaban tsoho ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa cikin harshen Buduma. Dattijon ya miƙa masa biram ɗin, kuma bai daɗe ba ya riga mu gidan gaskiya. Da an ƙara jinkiri na ƴan shekaru, da an rufe kiɗan tare da mai shi.

Da wannan biram Maman Barka ya zaga duniya tare da abokin tafiyarsa Umaru Adamu, makaɗin kalangu da ƙwarya. Sun yi wasa a bikin WOMAD na Ingila a 2008, kuma a 2009 kamfanin World Music Network na Landan ya fitar da faifansa. Haka nan su biyun sun haɗu da wasu mawaƙa biyu na ƙungiyar Etran Finatawa suka bi makarantun Nijar suna nuna wa yara kayan kiɗan gargajiya. Ashe allin bai taɓa barin hannunsa ba. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018.

Darajar tafiyarsa ta 2002 ta ƙara fitowa fili daga baya. Tabkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984. Sannan a 2015 rikicin Boko Haram ya shigo jahar Difa, aka kwashe mazauna tsibirai zuwa tudu. Al'ummar da ta rabu da ruwanta da jiragenta, da wuya ta samu sukunin koya wa ƴaƴanta kiɗan kakanni.

To, mene ne rabonmu a cikin wannan tarihi? Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda goma, har da Tubanci da harshen Buduma. A watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Mu masu koyar da Hausa mun yi murna, kuma muna da hujja. Amma babba juji ne, girma kuwa nauyi ne. Idan Hausa ta yi wa ƙananan harsuna abin da muka daɗe muna kukan Faransanci ya yi mata, ba mu ci ribar komai ba. Maman Barka ya nuna wata hanya: Hausa ta ba shi suna, shi kuma ya ɗauki sunan ya je ya ceto gadon wata ƙaramar al'umma da ba tasa ba.

A ajin da nake koyarwa akwai ƴaƴan Hausawa, akwai na Buzaye, akwai na Fulani, kamar yadda yake a ko'ina cikin Adar da Magiya. Kowane ɗayansu yana da kaka ko kakan da ya san wata waƙar daka, ko ta noma, ko ta kiwo, wadda babu wanda ya taɓa ɗauka. A yau wayar salula da ke aljihun kowane malami ta isa yin aikin da a da sai an nemo na'ura daga Yamai. Ina kira ga ƙungiyoyinmu na Madawa da Buza da Keita da su sa wannan cikin ayyukansu na bana: a je wurin tsofaffin masu gurumi da goge, a nemi izininsu, a ɗauki muryarsu, a rubuta kalmomin cikin harshen da aka rera su, a ajiye a makarantu da gidajen al'adu. Kowane gari yana da nasa Bukar Tar, kuma ba zai jira mu ba.

Allah ya jiƙan Malam Maman Barka, ya sa ya huta.