Asalin Zaɓen Kwasa-kwasai ga Ɗaliban Musaya a Jami'o'in Amurka da Turai

Ɗalibin musaya shi ne wanda jami'arsa ke turawa wata jami'a a ƙasar waje na tsawon zango ɗaya ko shekara guda, ya dawo gida ya ƙarasa digirinsa. Damar da irin wannan ɗalibi yake da ita ta zaɓar kwasa-kwasan da zai ɗauka ba ta samu ba sai da jami'o'i suka amince da abubuwa biyu, wato 'yancin zaɓe da kuma ma'aunin da za a auna karatun da aka yi a wani wuri.

A Amurka 'yancin zaɓe ya fara kafuwa. Kafin Charles Eliot ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1869, yawancin kwalejojin ƙasar manhaja guda suke ɗora wa kowa, wadda ta dogara kan Latin da Girkanci da lissafi, amma kafin ya sauka a 1909 ya soke kusan dukkan darussan dole. Da ɗalibai suka daina bin hanya ɗaya, sai ya zama wajibi a nemi yadda za a gane cewa kowannensu ya yi karatun da ya isa digiri, daga nan aka soma ƙirga sa'o'in zama a aji, abin da ake kira kiredit. Wannan ma'auni ya sauƙaƙa fita waje, domin a 1923 Jami'ar Delaware ta tura ɗalibai takwas Faransa ƙarƙashin jagorancin malaminsu Raymond Kirkbride, ta kuma lissafa musu shekarar a cikin digirinsu.

A Turai lamarin ya fi wuya, saboda kowace ƙasa da tsarin jarrabawarta da harshenta, kuma kowace jami'a tana kishin shaidarta. Sofia Corradi, 'yar Italiya da ta yi digiri na biyu a fannin shari'a a Jami'ar Columbia, ta koma Roma a 1958 sai jami'arta ta ƙi karɓar karatun, lamarin da ya sa ta shafe shekaru tana fafutukar a riƙa amincewa da karatun waje. A 1987 Tarayyar Tattalin Arzikin Turai ta kafa shirin musayar ɗalibai na Erasmus, wanda ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11 suka amfana da shi a shekararsa ta farko, sannan a 1989 aka fara gwajin tsarin kiredit na ECTS a fannoni biyar: likitanci, kimiyyar sinadarai, tarihi, injiniyancin injuna da harkokin kasuwanci. Bambancinsa da na Amurka shi ne yana auna dukkan aikin ɗalibi, har da karatun ɗakin karatu da rubuce-rubuce da shirin jarrabawa, inda shekara ke ɗaukar kiredit 60, zango 30, kowane kiredit kuma sa'o'i 25 zuwa 30.

Ƙashin bayan tsarin shi ne takardar yarjejeniyar karatu, wadda ɗalibi da jami'arsa da jami'ar da za ta karɓe shi suke sa wa hannu tun kafin ya tashi. A cikinta ake jera kwasa-kwasan da zai ɗauka a can, a gefe kuma waɗanda za su maye gurbinsu a gida. Da yake sau da yawa ɗalibi kan isa ya tarar cewa kwas ya cika, ko lokacinsa ya ci karo da na wani, ko kuma da harshen da bai ƙware ba ake koyar da shi, an ba shi damar gyara jerin a makonnin farko, bisa sharaɗin ɓangarorin uku su sake amincewa.

Sanarwar Bologna, wadda ministocin ilimi na ƙasashe 29 suka rattaba wa hannu a 1999, ta mai da ma'aunin kiredit ginshiƙin digiri a Turai, daga can kuma ya iso Nijar da maƙwabtanta masu amfani da Faransanci a cikin tsarin digiri na LMD. Duk da haka, lissafin kiredit bai raba gardama gaba ɗaya ba, domin har yanzu malamin sashe a jami'ar gida ne ke duba abin da kwas ya ƙunsa ya yanke hukunci ko ya yi daidai da nasu, kuma a kan sa hannunsa zaɓen ɗalibi yake tabbata ko ya rushe.