Tarihin Wannan Makon: Yadda Kwamfuta Ta Koyi Haɗa Bulon LEGO



Ranar 28 ga Janairun 1958 kamfanin LEGO da ke garin Billund na ƙasar Denmark ya nemi rajistar mallakar fasahar bulonsa na roba: 'yan kawuna a sama, bututu a ƙasa, da an danna sai su kama juna. Yaro da hannu yake gane ko bulo ya zauna. Ita kuwa kwamfuta sai an rubuta mata.

A 1995 James Jessiman, ɗan Ostireliya, ya fito da LDraw, tsarin zana waɗannan bulo a kwamfuta. Fayil ɗinsa rubutu ne zalla, kowane layi yana farawa da lamba daga 0 zuwa 5. Ma'auninsa LDU ne, kimanin milimita 0.4, faɗin bulo mai kai ɗaya 20, tsayinsa 24. Ya rasu a 1997, 'yan sa-kai suka ci gaba da aikin. Sai dai tsarin siffa kawai yake adanawa, bai san ina ke shiga ina ba. Mai gini zai iya barin bulo yana reto a iska, ko ya cusa biyu cikin juna, manhaja ba za ta ce uffan ba.

A 2004 LEGO ya fitar da Digital Designer, inda bulo ke mannewa da kansa, amma bayanan mahaɗar na kulle cikin manhajar kamfanin. Ya sayi BrickLink a 2019, a 2022 kuma ya jingine waccan manhaja ya tura jama'a ga Studio.

Roland Melkert, mai LDCad, ya bi wata hanya. Bai taɓa dubban fayilolin LDraw ba, ya buɗe rumbu na biyu, kamar inuwar na farko, mai faɗin inda kai da rami suke a jikin kowane bulo. Tsofaffin manhajoji na ci gaba da karanta fayilolinsu lafiya. Wahalar ita ce kula da rumbu biyu, domin sabon bulon da bayanan inuwarsa ba su cika ba, ba zai manne daidai ba.

Fayilolin zamanin Jessiman har gobe suna buɗewa. Mu da muke tara rubuce-rubucenmu a wannan zaure, nawa ne cikinmu ke da kwafi a wani wuri? Muna jiran amsoshinku a ƙasa.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.