Harshen Gida da Alƙalamin Mata: Waiwaye Kan Rubutun Matan Yahudawan Turai da na Matan Daular Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce waiwayar tarihin rubutun matan Yahudawan Turai a ƙarni na 17 da na 18, tare da auna shi da na matan Daular Sakkwato. Abin da ake son nunawa shi ne, a duk inda aka fi bai wa maza damar koyon harshen ilmi, mata kan juya ga harshen gida, su rubuta shi da haruffan littafin addini. Haka kuma irin wannan rubutu shi ya fi saurin salwanta, domin ba a cika ɗaukarsa da daraja ba.

2.0 Harsuna Biyu a Al'umma Ɗaya

Yahudawan Jamus da na Gabashin Turai sun rayu da harsuna biyu. Ibrananci shi ne harshen Attaura da ibada da fatawa, wanda galibi yara maza ne ake koya wa. Yidish kuwa, wanda tushensa Jamusanci ne mai gauraye da kalmomin Ibrananci, shi ne harshen gida da kasuwa, kuma da haruffan Ibrananci ake rubuta shi. Masanin Hausa ba zai rasa ganin kamannin wannan yanayi da na Larabci da ajami a ƙasarmu ba.

Littafin da ya fi yaɗuwa a hannun matan shi ne Tsene-rene, wato bayanin Attaura cikin Yidish, wanda namiji ne ya rubuta, Yakubu ben Ishaƙu Ashkenazi. Bugunsa mafi daɗewa da ya tsira na shekarar 1622 ne.

3.0 Matan da Suka Ɗauki Alƙalami

Ba karatu kawai matan suka tsaya yi ba. A 1609 aka buga Meneket Rivkah a birnin Prag, littafin wa'azi da tarbiyya na Rivka Tiktiner, wadda ta rasu a 1605. Daga nan sai addu'o'in da ake kira tkhines, waɗanda suka shafi haihuwa da rashin lafiya da kunna fitilar Asabar. An buga wani tarinsu a Amsterdam a 1648. A ƙarni na 18 aka sami mata irin su Sarah bas Tovim da Leah Horowitz suna tsara nasu da sunayensu. A sashen mata na wurin ibada kuma akwai wadda ake kira firzogerin, mace mai ilmi da ke karantawa sauran suna bi.

Wadda ta fi shahara ita ce Glikl ta Hameln, 'yar kasuwar da aka haifa a Hamburg, ta rasu a Metz a 1724. Bayan rasuwar mijinta a 1689, ta fara rubuta tarihin rayuwarta a 1691 domin 'ya'yanta, ta ci gaba har 1719. Ainihin rubutun hannunta ya ɓata. Kwafin da ɗanta ya yi ne ya tsira, kuma sai a 1896 David Kaufmann ya buga shi. Ma'ana, aikin ya shafe shekara 177 ba a buga shi ba.

4.0 Nana Asma'u da 'Yan Taru

A ƙasar Hausa, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864) ta fuskanci matsala makamanciyar wannan. Ta naƙalci Larabci, amma ta tsara waƙoƙi da yawa cikin Fulfulde da Hausa da haruffan ajami, domin su isa ga matan karkara. Ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda jaji, wadda ake naɗawa da malfa, kan hardace waƙoƙin ta kai wa mata a ƙauyuka. Aikin jaji da na firzogerin sun yi kama ta fuska guda: kowacce gada ce tsakanin rubutu da matan da ba su iya karatu ba.

Sai dai akwai bambanci. Rubutun Yidish ya ci gajiyar injin ɗab'i tun ƙarni na 16, alhali waƙoƙin Asma'u da kwafin hannu da hadda suka yaɗu. Haka nan, ita tana da ɗaurin gindin gidan sarauta da na malanta, wanda ya taimaka wajen adana takardunta. Duk da haka, sai a 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta, shekara 133 bayan rasuwarta.

5.0 Kammalawa

Kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu ya hallaka miliyoyin masu magana da Yidish, ya kuma tarwatsa ɗakunan karatunsu. Abin da manazarta irin su Chava Weissler suka yi aiki a kai daga baya, wanda aka riga aka buga ko aka adana ne.

Darasin ya shafe mu kai-tsaye. Ƙasar Adamawa, inda Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ta daɗe da al'adar rubuta Fulfulde da ajami. Garin Mubi, inda Hausa da Fulfulde da Gude da Fali ke cuɗanya, ya faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014, jama'a suka gudu suka bar gidajensu. Takardar da ke cikin gafaka ko adakar tsohuwa ba ta da kariya a irin wannan rana. Saboda haka, ya kamata sassan nazarin harsuna, musamman na Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, su shiga gidaje su nemi abin da mata suka rubuta ko suka hardace, su kwafe shi, su kuma rubuta sunan mai shi tun masu riƙe da shi suna raye.