Abokin takara a zaɓen shugaban ƙasar Najeriya: yadda ake zaɓarsa da abin da ake lissafawa

Abokin takara shi ne mutumin da ɗan takarar shugaban ƙasa ke ɗauka su shiga zaɓe a kan tikiti ɗaya, idan sun ci ya zama mataimakin shugaban ƙasa. A Najeriya ba a kaɗa wa mataimaki ƙuri'a shi kaɗai, kuma ba a yi masa zaɓen fidda gwani. Ɗan takara da manyan jam'iyyarsa ne ke zama su tsayar da suna. Akasari abin da suke dubawa shi ne ƙuri'un da mutumin zai jawo. Amma wanda aka ɗauko don ya cike giɓin ƙuri'a shi ne kuma zai gaji kujerar idan ta faɗi, kuma an ga hakan a 2010.

Abin da doka ta tanada

Najeriya ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka a 1979, bayan ta bar tsarin firaminista da ta gada daga Ingila. Kundin tsarin mulkin 1999, wanda ake aiki da shi yanzu, ya ce a sashe na 142 takarar mutum ba ta inganta sai ya gabatar da abokin takara daga jam'iyyarsa. Sashe na 146 ya ce mataimaki ne zai zama shugaba idan shugaban ya rasu, ya yi murabus, aka tsige shi ko ya kasa aiki har abada. Sashe na 145 kuma ya ba shi riƙo idan shugaban ya tafi hutu ko jinya.

Baya ga wannan, ikon mataimaki kaɗan ne. Shi ke shugabantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni 36 da gwamnan Babban Banki ke ciki, sauran ayyuka kuwa sai abin da shugaba ya ga dama ya ba shi. Shi ya sa ƴan siyasa ke yi wa kujerar laƙabi da safayar taya.

Sashen da ya fi tasiri wajen zaɓar mataimaki shi ne na 134. Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba mutum nasara. Dole ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24 daga cikin 36. Arewa na da jihohi 19, Kudu na da 17, don haka babu ɓangaren da zai iya naɗa shugaba shi kaɗai. Duk ɗan takarar da ke son ci da gaske sai ya tsallaka Kogin Kwara, kuma abokin takara shi ne gadar farko.

Yanki da addini

Babu dokar da ta ce dole shugaba da mataimakinsa su fito daga yankuna ko addinai daban. Al'ada ce da ta kafu: idan ɗan takara ɗan Arewa ne Musulmi, sai ya ɗauki Kirista ɗan Kudu, idan kuma Kirista ne ɗan Kudu, sai ya nemi Musulmi ɗan Arewa.

Zaɓen 1979 ne ya aza wannan tubali. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya ɗauki Alex Ekwueme, ɗan ƙabilar Ibo daga Anambra, shekara tara kacal bayan ƙarewar yaƙin Biyafara. Saƙon shi ne an dawo da Ibo cikin harkar mulkin ƙasa. Obafemi Awolowo na UPN kuwa ya ɗauki Philip Umeadi, shi ma Ibo, tikitin ya zama na Kiristoci biyu ƴan Kudu, kuma ƙarfinsa ya tsaya a jihohin Yarbawa da Bendel. Duk da haka nasarar Shagari sai da ta je Kotun Ƙoli, domin ya samu kashi 25 a jihohi 12 daga cikin 19 na lokacin, a Kano ta Malam Aminu Kano kuma ya gaza kaiwa. Tun daga wannan shari'a ƴan siyasar ƙasar ke ɗaukar lissafin jihohi da muhimmanci.

Tarihin takarar Muhammadu Buhari ya nuna cewa daidaita addini kaɗai bai isa ba. A 2003 ya ɗauki Chuba Okadigbo, a 2007 Edwin Ume-Ezeoke, dukansu Ibo Kiristoci, a 2011 kuma Fasto Tunde Bakare, Bayarabe. A 2011 ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12 kuma ya lashe jihohin Arewa 12, amma bai ci ko jiha ɗaya a Kudu ba, saboda Bakare na da coci da suna, ba shi da gwamnoni ko ƴan majalisa. A 2015 ya ɗauki Farfesa Yemi Osinbajo, shi ma fasto ne kuma lauya, wanda bai taɓa tsayawa zaɓe ba. Bambancin shi ne Osinbajo ya yi kwamishinan shari'a a Legas daga 1999 zuwa 2007 a ƙarƙashin Bola Tinubu, kuma bayansa akwai dukan rundunar tsohuwar ACN ta ƙasar Yarbawa da ta narke cikin APC. A wannan karon Buhari ya ci.

Jam'iyya da masu riƙe da ita

Sau da yawa ba mutumin ake ɗauka ba, ƙungiyar da ke bayansa ake saye da kujerar. A 1999 Olusegun Obasanjo ya fito daga kurkuku bai daɗe ba, ba shi da tsarin siyasa nasa, kuma ƙasar Yarbawa na bayan Olu Falae. Ya ɗauki Atiku Abubakar, wanda aka riga aka zaɓa gwamnan Adamawa, domin Atiku na cikin jagororin PDM, ƙungiyar da marigayi Shehu Musa Ƴar'aduwa ya gina.

Irin wannan mataimaki yana kawo ƙuri'a, amma yana zuwa da nasa burin. A wa'adi na biyu dangantakar Obasanjo da Atiku ta lalace, musamman a kan yunƙurin tazarce da Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Mayun 2006. Atiku ya koma jam'iyyar AC yana kan kujera, fadar shugaban ƙasa ta nemi ta ce kujerar ta faɗi, amma a 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa shugaba ba shi da ikon cire mataimakinsa. Majalisa ce kaɗai ke iya tsige shi. Bayan wannan rikici ƴan takara sun fi karkata ga wanda ba sa tsoron ya yi musu kishiya.

Wanda aka hana kujerar ma yana cikin lissafi. A 2022 Atiku ya ci zaɓen fidda gwani na PDP, gwamnan Ribas Nyesom Wike ya zo na biyu. Da Atiku ya ɗauki gwamnan Delta Ifeanyi Okowa, sai Wike da wasu gwamnoni huɗu, waɗanda aka sani da G5, suka janye daga yaƙin neman zaɓensa. An ayyana Tinubu a matsayin wanda ya ci Ribas, Wike ya zama ministan Abuja, Okowa kuma bai iya kawo jiharsa ba, domin Peter Obi ne ya lashe Delta.

Tikitin Musulmi da Musulmi

Matsala ta musamman na tasowa idan ɗan takara Musulmi ne ɗan Kudu. Idan ya ɗauki Kirista ɗan Arewa ya daidaita addini, amma yana iya rasa ƙuri'un Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, inda Musulmi suka fi rinjaye. Idan ya ɗauki Musulmi, ya ɓata wa Kiristoci rai. Sau biyu manyan ƴan takara suka fuskanci wannan zaɓi, kuma duka biyun suka ɗauki Musulmi ɗan Borno.

A 1993 Moshood Abiola na SDP ya ɗauki Babagana Kingibe, wanda ya zo na biyu a zaɓen fidda gwani na Jos kuma gwamnonin jam'iyyar ke mara wa baya. Sakamakon da ya fito ya nuna Abiola na gaba, har a Kano jihar abokin karawarsa Bashir Tofa, kafin gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen na 12 ga Yuni. Daga baya Kingibe ya karɓi muƙamin ministan harkokin waje a gwamnatin Janar Sani Abacha, Abiola kuma ya rasu a tsare a 1998.

A watan Yulin 2022 Tinubu ya sanar da Kashim Shettima, tsohon gwamnan Borno, a Daura. Ƙungiyar Kiristocin Najeriya ta CAN ta yi tir da matakin, wasu Kiristocin Arewa da ke APC suka bar tafiyar. A zaɓen Fabrairun 2023 Tinubu ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Rabi'u Musa Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Fiye da rabin ƙuri'un Tinubu daga Arewa suka fito, don haka lissafin ya biya. Amma an biya farashi: Obi ya ci Filato, Nasarawa, Abuja har da Legas, kuma Tinubu ya hau mulki da ƙasa da kashi 37 cikin 100 na ƙuri'u. A Arewa maso Gabas ma Borno kaɗai tikitin ya ci, Atiku ya kwashe sauran jihohi biyar. Amfanin Shettima ya fi fitowa wajen kwantar da hankalin gwamnonin APC na Arewa da masu zaɓensu, ba wajen kawo yankinsa dungurungum ba.

Takardu da wa'adin hukumar zaɓe

Abokin takara na iya jawo asarar kujera gaba ɗaya, domin kotu na ɗaukar tikitin abu guda. A ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana jajibirin rantsar da David Lyon gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa saboda matsalar da ta samu a takardun mataimakinsa. Wannan ya sa jam'iyyu ke tantance takardun makaranta da sunayen wanda za su ɗauka da kyau.

Wa'adin miƙa sunaye ga hukumar INEC ma ya haifar da wata dabara. A 2022 Tinubu ya fara miƙa sunan Ibrahim Masari, Obi ya miƙa na Doyin Okupe, a matsayin masu riƙon ƙwarya. Da aka gama cinikin siyasa sai suka janye, aka sa Shettima da Yusuf Datti Baba-Ahmed.

Ranar da kujera ta faɗi

A 2007 Umaru Musa Ƴar'aduwa ya shiga takara da Goodluck Jonathan, gwamnan Bayelsa ɗan ƙabilar Ijaw, a lokacin da tsagerun Neja Delta ke kai hari kan bututun mai. An ɗauko Jonathan ne don a lallashi yankin mai, kuma ana ganinsa mutum mai sanyin hali. A ranar 23 ga Nuwamban 2009 aka tafi da Ƴar'aduwa jinya Saudiyya ba tare da ya miƙa wa majalisa wasiƙar riƙo ba. Ƙasar ta shafe fiye da wata biyu babu mai cikakken iko, har majalisa ta naɗa Jonathan muƙaddashi a ranar 9 ga Fabrairun 2010 bisa hujjar larura. Ƴar'aduwa ya rasu a ranar 5 ga Mayu, washegari aka rantsar da Jonathan.

Abin bai tsaya nan ba. Jonathan ya ɗauki gwamnan Kaduna Namadi Sambo, wanda hakan ya sa Patrick Yakowa ya zama Kirista na farko da ya mulki jihar. Tsayawar Jonathan takara a 2011 ta karya tsarin karɓa-karɓa na PDP, domin ƴan Arewa da dama na ganin wa'adinsu bai ƙare ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe a rikicin bayan zaɓen. A Nuwamban 2013 gwamnonin PDP biyar suka koma APC, a 2015 jam'iyyar ta rasa mulki bayan shekara 16. An kuma gyara sashe na 145: idan shugaba ya yi kwana 21 bai miƙa wasiƙa ba, majalisa na iya ba mataimaki riƙo. Buhari ya miƙa wa Osinbajo riƙo a doguwar jinyar da ya yi a Landan a 2017.

A ƙasashe maƙwabta

Ghana na bin lissafi mai kama da wannan tsakanin kudanci da arewaci. John Kufuor ya ɗauki Aliu Mahama, Musulmi na farko da ya riƙe kujerar, Nana Akufo-Addo kuma ya tafi da Mahamudu Bawumia sau huɗu. John Mahama mataimaki ne har ranar 24 ga Yulin 2012 da John Atta Mills ya rasu, aka rantsar da shi a ranar. Bénin ta ƙirƙiro kujerar a gyaran kundin 2019, a 2021 Patrice Talon, ɗan kudu, ya ɗauki Mariam Chabi Talata daga arewa. Côte d'Ivoire ta kafa ta a 2016.

A Nijar kundin Jamhuriya ta Bakwai na 2010, wanda sojoji suka dakatar a Yulin 2023, bai tanadi mataimakin shugaban ƙasa ba. Cinikin da ake yi a Najeriya kafin zaɓe, a Nijar kafin 2023 tsakanin zagaye na farko da na biyu aka riƙa yinsa, a biya da kujerar firaminista ko ta shugaban majalisa. A 2011 Hama Amadou ya mara wa Mahamadou Issoufou baya ya zama shugaban majalisar dokoki, Brigi Rafini daga jihar Agadez ya zama firaminista har shekara goma. Ƙawancen Issoufou da Hama ya watse a 2013.