Lauyan gwamnati: Wa yake karewa, wa yake mantawa da shi?

Idan aka kama manomi a Kusada ko makiyayi a ƙauyukan Kankia bisa zargin aikata babban laifi, tambayar farko da danginsa kan yi ita ce: ina za a samu kuɗin lauya?

Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba wanda ake tuhuma damar kare kansa ko ɗaukar lauyan da yake so, tare da tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu.

Domin marasa galihu ne gwamnatin soja ta kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa a 1976, aka kuma sabunta dokarta a 2011.

Sai dai lauyoyin hukumar ba su da yawa, kuma akasarinsu a manyan biranen jihohi suke.

Darasi daga Amurka

A 1963 ne Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Gideon, ta wajabta wa jihohi samar da lauya ga talakan da ake tuhuma da babban laifi.

Amma a 2013 wasu masana biyu, Song Richardson da Phillip Goff, sun yi gargaɗin cewa irin wannan lauya na iya ƙara wa baƙar fata rashin adalci ba tare da ya yi niyya ba.

Hujjarsu ita ce, lauyan da aiki ya yi wa katutu dole ne ya zaɓi shari'ar da zai ba lokaci, kuma a wajen wannan zaɓi ne zato kan shiga.

Idan ya riga ya ɗauka cewa baƙin saurayi mai laifi ne, zai fi saurin ba shi shawarar ya amsa laifi domin a yi masa sassauci, maimakon ya binciki hujjojin 'yan sanda.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na hukuncin samun mutum da laifi a ƙasar ta wannan hanya ake yanke shi.

Halin da ake ciki a Katsina

A jihar Katsina ba launin fata ba ne ke raba mutane a gaban alƙali, illa talauci da harshe da kuma ƙabila.

Da Turanci ake shari'a a Babbar Kotu, kuma tun da matsalar 'yan bindiga ta tsananta, shugabannin Fulani sun sha kokawa cewa ana yi wa makiyaya kuɗin goro.

Lauyan da ya shiga ɗakin ganawa da irin wannan zato a zuciyarsa, da wuya ya saurari wanda yake karewa yadda ya kamata.

Shari'ar Amina Lawal ta nuna tasirin lauya: ba ta da mai kare ta lokacin da wata kotun shari'ar Musulunci a Bakori ta yanke mata hukuncin rajamu a watan Maris na 2002.

Bayan da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka karɓi shari'ar, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Katsina ta soke hukuncin a watan Satumba na 2003.

Amina ta samu wannan gata ne saboda duniya ta ji labarinta.

Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma akasarinsu babu wanda ya san sunansu.